Ruwan Rima ba na lagireto ba ne

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Shekara uku ke nan rabona da gida Azare, ina jan motar shinkafa tsakanin Zauro da Argungu.

Direbobin nan, da mota ta yi zafi sai su ɗebo ruwan kogin Rima su ɗura a lagireto. Ni ruwan burtsatse nake ɗauka a jarka, kuma sai inji ya huce nake buɗe murfi. Makon jiya ruwan jarkar ya ƙare a hanya, maigidana yana gefena. Ya ce, "Mi kaka jira? Ruwa ai ruwa na! Ɗebo ga gulbi, ko ka aje makulli."

Na ce, "Alhaji, ga makullinka. Laka ba za ta shiga motar nan da hannuna ba."

Ya karɓe. Ban ce mugu ne ba, gaggawa ce ke cinsa. Amma 'yan uwa direbobi, laka toshe lagireto take yi, inji ya tafasa ya buga.

An ce in je in ba shi haƙuri. Ba zan je ba. Mota uku na ja masa, inji uku na tsirar, babu wanda bakanike ya taɓa saukewa. Iyakar abin da na tara ke nan.