Rantsuwar Usman da Muryar Baba

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Bashir, daga unguwar Jurf a Madina.

Makon jiya ƙanena Usman ya ji cewa kamfanin da ke ajiye mana hotuna da saƙonni a intanet yana yi wa sojojin Isra'ila aiki. Ba na aiki da jita-jita, don haka na karanta bayanin kamfanin. Bai musanta ba. Na ce mu rabu da shi, amma mu kwashe kayanmu tukuna.

Usman bai jira ba. Ya rufe asusunmu na kamfanin, ya ce, "Halas, an gama, Yaya! Wallahi ba zan sake buɗe shi ba."

A ciki akwai muryar marigayi Baba yana yi mana addu'a, wadda Inna ke saurare kowace Juma'a. Ba mu da ita a wani wuri. Kwanaki kaɗan suka rage kamfanin ya goge komai, kuma da yatsan Usman kaɗai asusun ke buɗuwa.

Matsayina a fili yake: ya buɗe, mu ɗauko muryar, ya rufe, ya yi kaffarar rantsuwarsa. Malamai, ku ba shi shawara, yana jin shirin nan. Jibi Juma'a, kuma Inna ba ta sani ba tukuna.