Shugaban Hukumar Jiragen Fito

Layin zaɓe ya miƙe har bakin titi, Delbert kuwa hankalinsa a tashe yake. Muddin jama'a suka amince da gyaran tsarin mulkin jihar, za a dunƙule 'yan ƙananan hukumomin gwamnati irin wadda yake shugabanta, kujerarsa ta tafi ke nan. Ya juya wajen dattijuwar da ke bayansa.

"Mama, don Allah in kin shiga ki zaɓi 'a'a'."

"Ai ita muka zo zaɓa, ni da matan cocinmu, mota guda. Kai me ya dame ka?"

"Madalla! Ni ne shugaban Hukumar Jiragen Fito."

"Wane fito kuma? Tun ina budurwa aka gina gada."

"To, tun daga lokacin kin ji jirgi ya nutse da wani? Aikinmu ke nan!"

"Ina ofishinku yake?"

"Ofis? Bakin tafki muke taruwa duk bazara, a soya tarwaɗa, gwamnati ta biya."

Ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi, sannan ta waiwaya wajen matan cocinsu ta ɗaga murya.

"Earline! Gaya wa na baya an canza shawara!"

Delbert ya marairaice. "Mama, wajen suyar tarwaɗar ana zuwa da baƙi fa."