Ranar da Tsinke Ya Kwashe Rigunan Kulob

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, wanda ya ja mini kunne tun a bakin ƙofa cewa kada in yi dogon surutu, na ji, amma ban yi alkawari ba. Shugabannin ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa, na da da na yanzu. Kocinmu, wanda usur ɗinsa ya tsufa amma muryarsa ta ƙi tsufa. Malaman makarantar da suka ara mana wannan ɗakin taro. Iyayenmu maza da mata. Maƙwabtan fili waɗanda muka yi shekaru muna fasa wa gilashin taga suna yafe mana. 'Yan wasa manya da ƙanana. Da ku da kuka rasa kujera kuka maƙale a jikin taga. Sannan mahaifiyar baƙonmu, Inna mai wanki, wadda ke zaune a sahun gaba tana sunkuyar da kai: barkanmu da ganin wannan rana.

Ina godiya ga Allah da Ya tara mu lafiya. Ina godiya ga kwamitin da ya zaɓe ni in yi magana, ko da yake na san ba don iya magana ba ne, sai don ni ne tsohon kyaftin, kuma ni ne golan da wannan yaro ya fara zura wa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu yana ɗan mitsitsi. Yau murna ta cika ni. Tun safe na kasa zama, na kasa cin abinci, na sa hula na cire na sake sawa, har mai ɗakina ta ce ko ni ne na dawo daga ƙasar waje.

Mun taru ne don yi wa ɗanmu maraba, wanda muke kira Tsinke saboda rashin kaurin ƙwaurinsa, bayan ya gama kakar wasansa ta farko a wani babban kulob na ƙetare. Zan faɗi abu uku in zauna.

Na farko, ina so ku san dokar filinmu, domin sai da ita za ku gane sauran labarin. A ƙungiyarmu, duk wanda ya shigo sabo, shi ke kwashe jesin kowa, wato rigar wasa, bayan atisaye, ya kai gida, ya wanke, ya shanya, ya dawo da su a ninke. Ba ya sauka daga wannan aiki sai wani sabon ya shigo. Na wanke, Koci ya wanke a zamaninsa, shugaban taro ma da yake murmushi can ya wanke, kuma an ce bai iya ɗauraya ba. To Tsinke ya daɗe yana wannan wanki fiye da kowa, domin ko da sabo ya zo, sai mu roƙe shi ya ci gaba. Me ya sa? Saboda ɗan Inna ne. Wannan baiwar Allah da wankin kayan mutane ta raine shi bayan rasuwar mahaifinsa. Ta wanke rigunan malamai, ta wanke zannuwan gadon asibiti, ta wanke labulen masu hali, kuma duk tsawon shekarun nan ko hankici ɗaya bai taɓa ɓata a hannunta ba. Wannan suna shi ne dukiyarta. Ranar da Tsinke zai tafi gwaji, a gabana ya durƙusa ya ce mata, "Inna, in Allah Ya sa suka ɗauke ni, kin ajiye bahon nan ke nan."

Na biyu, abin da ya faru da ya isa can. Jama'a, gwaji aka kira shi, ba ɗauka ba. In ya yi kyau ya zauna, in bai yi ba a sa shi a jirgi. Ya shiga ɗakin canza kaya ya ga kowa da kujerarsa, kowa da ƙugiyarsa, tawul fari tas, ruwan zafi a famfo. Bai jin harshensu, su ma ba su jin nasa. Aka yi atisayen farko, ya yi abin da zai iya cikin sanyin da ya sa haƙoransa kaɗawa. Da aka gama, sai ya ga manyan 'yan wasa, mutanen da yake gani a talabijin, suna tuɓe fararen jesinsu da jajayen safarsu suna jefawa a wani babban kwando suna shigewa wanka. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya tambayi kansa wa ya fi kowa sabunta a ɗakin nan. Shi ne mana! Sai ɗanku mai ladabi ya juye kwandon nan kaf a cikin buhu, ya saɓa a kafaɗa, ya gai da mai gadi da hannu biyu, ya hau bas ya tafi masaukinsa.

Da rana tsaka sai ga kiransa ta bidiyo. Na ɗauka, na ga yaro ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya cika bahon wanka da kumfa, gumi yana tsiyayo masa. Ya ce, "Kyaftin, ka ga mutanen nan ba su ma gaya mini ba, ni na gane da kaina." Na ce, "Haka ake so, ɗan albarka, nuna musu daga gidan da ka fito!" Akwai injin wanki a kusurwar ɗakin, amma ya ce bai yarda da shi ba, hannu ya fi fitar da dauɗar wuya.

Ashe a daidai wannan lokaci kulob ya hargitse. Suna da wani dattijo wanda aikinsa ke nan, kula da kayan 'yan wasa, da ɗakin wanki guda da injuna jere. Ya zo ɗaukar kwando ya tarar da shi wayam. Aka duba kyamara, sai ga ɗanku da buhu a kafaɗa, yana ɗaga wa mai gadi hannu yana dariya. Kuna dariya yanzu, ni ma ina yi, amma ku tsaya ku ji nauyin abin. Baƙon yaro, ranar farko, ya fita da kayan kulob. Wane suna za a kira wannan? Kuma in aka sa shi a jirgi, wane labari zai riga shi isowa unguwa? Za a ce ɗan mai wanki ya saci riguna. Ba ƙwallonsa kaɗai zai mutu ba, sunan da Inna ta gina da hannunta cikin ruwan sabulu shi zai fara zubewa.

Bai san da wannan ba tukuna, domin shi ma tasa ta same shi. Kira na biyu da ya yi mini, ko sallama babu. Ya ce, "Kyaftin, na shiga uku." Ya juya wayar. Saboda ɗoki da gaggawa ya jiƙa jajayen safa tare da fararen riguna a ruwan zafi, safar ta yi zuba. Riguna duka sun koma ruwan hoda! Ruwan hoda, jama'a, irin na rigar jaririya ranar fita unguwa. Na ce ya sake wankewa, ya ce ya wanke har fatar yatsunsa ta yi yaushi. Na ce to ka shanya, ka goge, ka ninke, ka kai musu abinsu, ka faɗi gaskiya.

Washegari da safe ya shiga da buhunsa, aka wuce da shi ofis kai tsaye. Ga babban koci, ga dattijo mai kaya, ga tafinta, babu mai fara'a. Aka nuna masa hotonsa, aka ce ya yi bayani. A nan ne ya gane abin da ake zarginsa da shi. Ya buɗe buhu ya fara jera riguna a kan tebur, kowace a goge, kowace a ninke, bisa jerin lambobinsu. Ya ce wa tafinta, "Gaya musu a inda na fito, sabon zuwa shi ke yi wa manya wanki. Gaya musu uwata wanki take yi, kuma ba mu taɓa riƙe kayan kowa ba. Launin ne na ɓata, wannan laifina ne."

Dattijon nan ya ɗauki riga ɗaya, ya ƙirga sauran da ido, ya shinshina, ya dubi yatsun yaro. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da dariya har da riƙe tebur. Babban kocin kuwa bai yi dariya ba. Ya ce, "Yau akwai wasan gwaji da manya. Ɓangarenka za su sa waɗannan rigunan. Ka nuna mana ka iya wanki, saura ka nuna mana abin da ya kawo ka."

Haka ƙarti goma sha ɗaya suka fito fili cikin ruwan hoda, manya suna nuna su suna faɗuwa don dariya. Suna cikin dariyar Tsinke ya karɓi ƙwallo a gefen hagu, ya yanke na farko, ya zaunar da na biyu, gola ya fito, kuma kun san abin da yake yi wa gola. Ta tsakanin ƙafafu! Wallahi da na ji na yi tsalle, domin yanzu ba ni kaɗai ba ne a duniya. Kafin mako ya ƙare ya sa hannu a kwantiragi.

Ba zan ce muku daga nan komai ya zama daɗi ba. Ya ɗumama benci har ya gaji, ya yi jinyar idon sawu shi kaɗai a ɗaki, ya kira ni yana kukan kewar gida. Amma ya daure, aka fara sa shi saura minti kaɗan, aka koma farawa da shi, kuma kun ga ƙwallayensa da idonku, kun kuma karya bencin gidan kallo saboda su.

Na uku, kuma na ƙarshe. Lokacin da aka ba Inna labarin wankin nan, mun zaci za ta yi kuka. Sai ta karɓi waya ta ce wa Tsinke, "Kai, ja ka haɗa da fari? A ruwan zafi? Ni na koya maka haka?" Inna, ki yi haƙuri, ki ɗaga hannuwanki jama'a su gani. Ku duba, jama'a. Ku dubi kaushin nan, ku dubi tsagar nan. Waɗannan hannuwa su suka kai shi inda ya je. Jiya Tsinke da kansa ya ɗauki bahonta ya kife, kuma ina sanar da masu kawo mata wanki cewa daga yau su nemi wani wuri. Ga rigar nan mai ruwan hoda a cinyarta, ya kawo mata tsaraba.

Sai dai doka doka ce. Yau da safe Tsinke ya yi atisaye da mu, kuma wanda ya daɗe ba ya nan, sabon zuwa ne. Yara, ku miƙo buhun nan. Tsinke, taso ka karɓa, kada ka ɓoye fuska. Na'am, Inna, me kika ce? Jama'a, ta ce a ware masa jajaye daban!

Allah Ya ƙara wa wannan yaro lafiya da ɗaukaka, Ya tsare masa ƙafarsa da halinsa. Allah Ya ji ƙan mahaifinsa. Allah Ya hutar da Inna, Ya ba ta tsawon rai ta ci moriyar wahalarta. Allah Ya buɗe wa ƙannensa da ke bayansa, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.