Aminina Ya Gurgunta Min Doki

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Sunana Mubarak, ɗalibi ne ni, ina zaune a Rafin Guza.

Bara kawuna na Katsina ya ba ni doki, akawal ne, wato baƙin doki, karo na farko da na mallaki dabba. Kullum kafin in tafi lacca sai na share turkensa, na zuba masa harawa da dusa. Abokai har tsokanata suke yi wai ina warin doki.

Da jarabawa ta matso, sai na damƙa shi hannun aminina Sadiku, wanda muka taso tare. Ya ce min, "Haba Mubarak, je ka yi karatunka, ko kallon banza ba wanda zai yi masa."

Ranar da na gama, na tarar da dokina yana ɗingishi, gwiwarsa a kumbure. Sadiku ya rantse tuntuɓe ya yi a turke. Bayan kwana biyu wani ɗan ajinmu ya nuna min bidiyon wani biki a Doka. Ga Sadiku bisa dokina yana sukuwa a kan kwalta, yana zabga masa bulala don 'yan mata su yi shewa, har dokin ya zame ya faɗi.

Likitan dabbobi ya ce da wuya ya sake gudu. Jiya mahaifiyar Sadiku ta zo ba ni haƙuri, shi kuwa har yau bai tako gidanmu ba. Jama'a, me zan ce wa wannan baiwar Allah?