Kati Maimakon Goron Suna

Salamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Binta ce daga Tudun Wadan Zariya, kuma raina a ɓace yake.

Na roƙi miji irin na littattafan da nake karantawa, Allah ya ba ni ɗan jami'a, ma'aikacin kamfanin mai. Da na haihu na ce a raba wa unguwa goron suna. Ya ce, "Tsohon yayi! Abokan karatuna 'yan Indiya da Gana kati suke aikawa." Ya buga kati da Turanci. Ranar suna abokansa suka cika zaure, maƙwabci ko ɗaya bai leƙo ba. Yau mako uku ba mai amsa gaisuwata, shi kuwa yana ofis.

Jama'a, in raba goron a ɓoye, ko in jira ya tuna su wa za su ɗauki gawarsa?