Kunyar Minti Ɗaya

A ɗakin jira na likitan haƙori a Sendai, tsoho Kuramochi ya leƙa littafin koyon Japananci da ke hannun wata baƙuwa.

"'Yata, karin maganar nan ce ta gagare ki? Cewa muke, tambaya kunyar minti ɗaya ce, rashinta kuwa kunyar har abada."

"To Baba, in yi tambaya?"

Ya gyara zama. "Ina jin ki."

"A garin nan al'ada ce a fito daga banɗaki da silifas ɗinsa a ƙafa?"

Ya dubi ƙafafunsa. Ga silifas ɗin nan jajaye, har da rubutun "banɗaki" a kansu.

"Tun yaushe kika gani?"

"Tun shigowarka."

"Kika yi shiru?"

"Ai lokacin ba ka koya min karin maganar ba."