Yatsana na cikin takardar da ta cire sakatarenmu

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Nura, watana huɗu a Dubai, ina lodin kaya a Al Quoz.

Shekara biyu da suka wuce, yaran ciyaman suka kawo takarda majalisarmu a gida, wai ta neman ƙarasa kwalbati ce. Ni karatuna bai yi nisa ba, na dangwala yatsa. Ashe ƙorafi ne a cire sakataren ƙaramar hukumarmu, Alhaji Sabo, wanda shi ya fara mana kwalbatin. Aka cire shi. Tun daga nan sakatare uku aka yi, kowa kafin ya san hanyar unguwarmu an canja shi. Kwalbatin yana nan rabi.

Ranar Juma'a na ga Alhaji Sabo a Deira, nan Dubai, yana tsaron shagon kago, inda ake aika kaya, ga abinci a gabansa. Ya ce, "Ɗan Malam Idi, kai ma ka zo? Yalla, zauna ka ci." Sai ya tambaye ni ko an gama kwalbati. Na ce masa yana nan rabi.

Ya ce in dawo Juma'a mai zuwa. Don Allah masu sauraro ku ba ni shawara, in faɗa masa gaskiya, ko in ci abincinsa in yi shiru?